Zango uku sun isa: yadda za ka tsara zagayen ƙauyukan Ayilan da mota

Wanda ya buɗe taswirar Ayilan a karon farko yakan ce ai wannan ƙasa loma ɗaya ce. Tsibirin gaba ɗayansa, daga ƙarshen arewa zuwa ƙarshen kudu, bai cika kilomita 500 ba, wato ya ɗan ɗara tafiyar Kano zuwa Abuja ne kawai. Sai mutum ya ɗauki biro ya jera garuruwa goma a kwana goma: yau nan, gobe can, jibi gaba. Da wannan lissafin ne baƙi da yawa suke komawa gida a gajiye, ba su riƙe komai ba sai hoton bayan motar da ke gabansu da wahalar ɗaure kaya da kwancewa kowace safiya.

Fataken da suka riƙa kai goro daga Gwanja zuwa Kano ba haka suke lissafi ba. Madugu yakan fara sanin inda za a yada zango, inda akwai ruwa da abinci da wurin sauke jakuna, sannan ya auna tafiyar yini a tsakani. Irin wannan tunanin nake so ka ɗauka zuwa Ayilan. Ka zaɓi ƙauyuka kaɗan, ka kwana biyu ko uku a kowanne, ka riƙa fita da safe kana dawowa da yamma ɗakin da ka riga ka sani. Na bar sunayen garuruwan yadda suke a allunan hanya, domin da su za ka nemi hanya idan ka isa.

Mataki na farko: takardu, da iyakar da ba a gani

Ƙasa biyu ce a tsibirin. Akwai Jamhuriyar Ayilan mai babban birni Dublin, ana kashe yuro, ana auna gudu da kilomita. Akwai kuma Ayilan ta Arewa, wadda ɓangare ce ta Birtaniya, ana kashe fam, ana auna gudu da mil. Tsakaninsu babu shinge, babu jami'in da zai tsayar da kai. Sai dai ka ga allon hanya ya sauya. Wannan sauƙin yana ruɗin mutane. Mai fasfon Najeriya ko Nijar yana buƙatar bizar Ayilan kafin ya shiga Jamhuriyar, bizar Shengen ba ta aiki a nan domin Ayilan ba ta cikin wannan tsari, kuma bizar Ayilan ba ta ba ka izinin tsallakawa Arewa. Idan ba ka da bizar Birtaniya, ka cire birnin Belfast da duwatsun Giant's Causeway, waɗanda suke Arewa, daga lissafi tun yanzu. Ka kuma kula da manhajar taswira idan za ka Donegal daga Dublin, domin gajeriyar hanya takan ratsa ta Arewa ba tare da ta gaya maka ba.

Ayilan tana da ofishin jakadanci a Abuja, kuma ana fara neman biza ne ta intanet. Za a so a ga inda za ka kwana da yadda ka tsara tafiyar, saboda haka aikin da za mu yi a ƙasa ya riga neman biza, ba bayansa yake zuwa ba. Ka kama masaukan da ake iya sokewa ba tare da asara ba, har sai biza ta fito. Lasisin tuƙinka na gida ya zama bai ƙare ba, ka haɗa da lasisin ƙasa da ƙasa, domin kamfanonin hayar mota sukan nema.

Mataki na biyu: wane wata?

Ruwan sama ba shi da damina a Ayilan, kowane wata nasa ne, musamman a yamma inda iskar Tekun Atlantika take fara sauka. Saboda haka kada ka nemi watan da ba a ruwa. Ka nemi watan da rana take da tsawo kuma mutane ba su yi yawa ba. A watan Yuni gari yana wayewa wajen ƙarfe 5 na asuba, rana ba ta faɗuwa sai kusan 10 na dare. A Disamba kuwa ƙarfe 4 da rabi na yamma duhu ya shiga, kuma gidajen baƙi da yawa a ƙauyukan bakin teku sun rufe sai bazarar can.

Ni dai Mayu, farkon Yuni da Satumba nake ba da shawara. Yuli da Agusta lokacin hutun makarantu ne, kuɗin ɗaki ya tashi, manyan motocin 'yan yawon buɗe ido sun cika ƙananan hanyoyi. Ka kuma duba kalanda saboda ranakun hutun ƙasa: Litinin ta farko a Mayu, a Yuni da Agusta, da Litinin ta ƙarshe a Oktoba. A irin waɗannan ƙarshen mako 'yan ƙasa da kansu suke kwarara bakin teku. Bukukuwan gari ma suna cinye ɗakuna: Killorglin tana bikin Puck daga 10 zuwa 12 ga Agusta, Lisdoonvarna tana cika a Satumba, Galway kuma tana sukuwar dawaki a ƙarshen Yuli.

Mataki na uku: ka yanki ɓangare ɗaya, ka ƙirga awa ba kilomita ba

Hanyar bakin tekun yamma da ake kira Wild Atlantic Way, wadda aka ƙaddamar a 2014, tana da tsawon kusan kilomita 2,500, daga Inishowen a Donegal zuwa Kinsale a gundumar Cork. Ka ga yadda ƙasar da ba ta kai kilomita 500 ba ta haifi hanya mai ninki biyar: gaɓar tekun a yayyage take, ƙasa tana miƙa yatsu cikin ruwa, kowane yatsa sai ka shiga ka fito. Ba mai gama ta a kwana goma ya ce ya ga wani abu.

Harafin da ke gaban lambar hanya shi zai gaya maka gaskiyar lokaci. Hanyar M, mai shuɗin allo, babbar hanya ce mai gudun kilomita 120. A kanta Dublin zuwa Galway, kusan kilomita 210, awa biyu da rabi ne. Hanyar N, mai koren allo, an yarda da gudun 100, amma a yamma sau da yawa kwana-kwana ce, ba za ka kai hakan ba. Hanyar R ta yanki ce, iyakarta 80. Hanyar L ta karkara ce, kuma tun Fabrairun 2025 aka rage iyakar gudunta daga 80 zuwa 60. Wasu daga cikin hanyoyin L ɗin faɗin mota ɗaya ne, katangar dutse dama da hagu, ciyawa ta tsiro a tsakiya, ga tumaki masu fenti a baya suna kwance a kan kwalta. A irinsu idan ka yi kilomita 40 a awa ka yi ƙoƙari.

Abin da nake yi shi ne, duk lokacin da manhaja ta ba ni a yamma, sai in ƙara masa kashi ɗaya cikin uku, sannan in ƙara lokacin tsayawa. Ranar sauya zango kada tuƙi ya wuce awa huɗu. Ranar zagaye daga zango kada ya wuce awa uku, in ban da rana ɗaya tak mai tsawo.

Idan mako guda gare ka, ka ɗauki ɗaya: ko kudu maso yamma, wato Kerry da yammacin Cork, ko tsakiyar yamma, wato Clare da Connemara. Idan kwana goma ne, ka haɗa biyun. Donegal, mai tsaunin Slieve League da ya doshi mita 600 a kan teku, tafiya ce mai zaman kanta. Ka bar ta sai mai mako biyu ko sai zuwa na gaba.

Mataki na huɗu: yadda ake gane ƙauyen da ya cancanci zango

A nan ne tafiya take gyaruwa ko ta lalace, don haka zan ɗan daɗe.

Ƙauyen da ya fi kyau a hoto ba lallai ne ya fi daɗin kwana ba. Adare, kusa da Limerick, tana da gidaje masu rufin ciyawa da kowa yake ɗauka a hoto, amma wurin tsayawar awa guda ce, babban titi ya ratsa ta, kuma abin da ka zo gani yana nesa da ita. Abu na farko da za ka duba a taswira shi ne hanyoyi nawa suka fita daga garin. Zango na ƙwarai yana zaune ne a mahaɗa, inda yau za ka fita arewa, gobe yamma, jibi kudu, ba tare da ka maimaita hanya ɗaya sau shida ba. Ƙauyen da ke can ƙarshen yatsan ƙasa yana da shiru da kyau, amma duk inda za ka sai ka biya kuɗin shiga da fita da awa guda.

Na biyu, ka tambayi kanka ko za ka iya ajiye mota da yamma ka taka da ƙafa zuwa wurin cin abinci. Masauki da yawa suna rubuta sunan gari a adireshinsu alhali suna kilomita 8 a bayan gari. Bayan yinin tuƙi a hannun da ba ka saba ba, sake fita cikin duhu a hanyar da ba fitila ba ƙaramin nauyi ba ne. Kowane gida a Jamhuriyar yana da lambarsa ta musamman mai harufa da lambobi bakwai, ana kiranta Eircode, tun 2015 ake amfani da ita. Ka nemi lambar masaukin kafin ka biya, ka sa ta a taswira, ka ga ainihin inda yake. Ita ce kuma za ta kai ka har ƙofa, domin gidajen karkara da yawa ba su da lambar titi.

Na uku, kanti, gidan mai da kantin magani. Gari mai kantin cefane irin SuperValu ko Centra ya fi gari mai shagunan tsaraba goma amfani gare ka. Na huɗu, wurin fakin: a tsakiyar tsofaffin garuruwa irin su Kinsale da Dingle samun wurin ajiye mota aiki ne, don haka ka tambaya ko masaukin yana da nasa. Na biyar, abin yi ranar da ruwa ya hana fita, domin wannan ranar tana nan tafe.

Sai irin masaukin. Gidajen da ake kira B&B gidajen iyali ne masu ɗakuna kaɗan, ana ba ka kwana da karin kumallo. Amfaninsu ba a gado yake ba, a bakin mai gidan yake: ita za ta ce maka yau kada ka hau dutse, hazo zai rufe shi, ka tafi bakin ruwa. Ka sanar da ita lokacin isowarka, domin ba otel ba ne mai ma'aikaci dare da rana. Idan kuwa da iyali kake, ko kana son girkinka, ka kama gida sukutum mai kicin. Da yawansu ba sa karɓar ƙasa da kwana uku, wanda ya ma dace da tsarinmu.

Mataki na biyar: jera zangunan

Ga yadda zan raba kwana goma. Daren farko a Dublin, ba mota. Kada ka sauka daga jirgin dare ka kama sitiyari a hannun da ba naka ba, kuma cikin Dublin mota kaya ce kawai. Ka huta, washegari ka karɓi mota a filin jirgi ka miƙe yamma.

Zango na farko Clifden, kwana uku. Daga Galway kusan kilomita 80 ne a kan N59, awa ɗaya da rabi. Ƙaramin gari ne amma yana da duk abin da na lissafa, kuma hanyoyi sun fita daga cikinsa ta ko'ina. Yammacin da ka iso ka bi Sky Road, ɗan gajeren zagaye a saman teku. Rana ta farko ka yi arewa: Letterfrack, inda gandun Connemara yake, ka hau Diamond Hill idan gari ya yi garau, sannan Kylemore, gidan da matan zuhudu 'yan ɗariƙar Benedict suke zaune tun 1920. Idan da sauran ƙarfi ka wuce Leenane ka shiga kwarin Doolough. Akwai wani dutsen tunawa a gefen hanya. A nan ne a 1849 mayunwata suka faɗi suka mutu a hanyar neman agaji, lokacin Babbar Yunwa da ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya ta kori wani miliyan ɗin daga ƙasar. Ka tsaya ka kashe mota. Bayan nan kufan gidajen dutse da kake gani a gangaren tsaunuka za su daina zama ado a idonka. Rana ta biyu ka yi kudu: Derrigimlagh, fadamar da jirgin Alcock da Brown ya sauka a 1919 bayan tsallake Atlantika karo na farko ba tsayawa, sai Roundstone da farin yashin Dog's Bay. Roundstone ta fi Clifden shiru, kuma mai son zama ya kalli kwalekwalen masunta zai iya yada zango a can, amma abinci da kanti ba su kai ba. Wanda kuma yake son gari mai ɗan girma ya zaɓi Westport, daga inda ake zuwa tsibirin Achill da dutsen Croagh Patrick.

Zango na biyu Doolin, kwana biyu. Ka biyo ta Galway, Kinvara da Ballyvaughan, sannan ka kama hanyar bakin teku ta Black Head da Fanore. Awa uku ne ko fiye, kuma rabin ƙarshen tafiyar shi kansa abin kallo ne: yankin Burren, shimfiɗar farin dutse tsage-tsage, furanni suna fitowa daga tsagar. Doolin ba gari ba ne dunƙulalle, gidaje ne a warwatse a gefen hanya, kuma babban kanti sai Ennistymon, don haka ka yi cefane kafin ka iso. Abin da ya sa na zaɓe ta duk da haka abu biyu ne. Tsaunukan Moher, masu tsayin mita 214 a kan teku, suna kusa da ita, ta yadda za ka je da sassafe ko bayan la'asar lokacin da manyan motoci suka watse, alhali wanda ya taso daga Dublin ko Galway dole tsakar rana zai iso cikin cunkoso. Na biyu, daga tashar jirgin ruwanta ake zuwa tsibiran Aran. Inis Oírr ce mafi kusa, ana barin mota a tasha a zaga tsibirin da keke ko da ƙafa. Idan teku ta yi fushi jirgi ba ya tashi, shi ya sa kwana biyu ya fi ɗaya: kana da dama biyu.

Zango na uku, kwana uku, a nan sai ka yi zaɓi tsakanin Kenmare da Dingle. Kada ka ce za ka yi duka a kwana uku. Ko wanne ka zaɓa, daga Doolin ka gangara Killimer ka shiga jirgin da ke fiton motoci zuwa Tarbert a kan kogin Shannon. Minti 20 ne, ba ka bi ta Limerick ba, kuma direba ya sami hutu.

Kenmare ita ce misalin zango a mahaɗa. Ta yamma ga zagayen Kerry mai kilomita kusan 180, ta kudu ga zagayen Beara, ta arewa ga hanyar Moll's Gap zuwa tafkunan Killarney. Manyan motocin baƙi suna tashi daga Killarney su bi ta Killorglin, Cahersiveen da Waterville. Kai ka fita da wuri ta ɗaya hannun, Sneem sannan Waterville, ka kauce zuwa Ballinskelligs da Portmagee inda hanya ta yi wa manyan motoci ƙunci, ta haka za ku yi saɓani. Wannan ce doguwar ranarka. Daga Portmagee ne ƙananan jirage suke zuwa Skellig Michael, tsibirin dutse mai matakala sama da 600, amma sai a watannin zafi, sai an kama wuri tun da watanni, kuma iska tana soke tafiyar. Wanda ya ƙudurta zuwa can ya kwana a Portmagee ɗin. Washegari ka yi Beara ka haye Healy Pass. A ganina ta fi zagayen Kerry daɗin tuƙi, domin kusan kai kaɗai ne a hanya.

Dingle kuwa ta karya ƙa'idar da na kafa, tana can cikin yatsan ƙasa, amma abin da ke kewaye da ita ya isa kwana uku. Zagayen Slea Head bai kai kilomita 50 ba, sai dai yana cin yini. Ka bi shi ta Ventry zuwa Dún Chaoin, hannun da kowa yake bi, domin akwai wuraren da mota biyu ba sa wucewa. A Dún Chaoin akwai cibiyar tarihin tsibirin Blasket, wanda aka kwashe mutanensa na ƙarshe a 1953. Wannan yanki ne da har yanzu ake magana da harshen Ayilan na asali a gida, kuma alluna sukan zo da shi kaɗai, saboda haka ka riƙe cewa An Daingean, ko Daingean Uí Chúis, ita ce Dingle. Conor Pass kuwa, hanyar da ta haye tsauni, ka bar ta sai ranar da ba hazo. An hana manyan motoci bin ta, kuma a sama hanya ɗaya ce tsakanin dutse da rami. Mai iyali da ƙananan yara, ni Kenmare zan tura shi. Mai son teku da tafiyar ƙafa ya tafi Dingle.

Mataki na shida: motar

A Ayilan hagu ake bi, sitiyari yana dama. Dattawanmu sun san wannan hannun, domin Najeriya ma hagu take bi kafin 1972, amma ga wanda ya koyi mota bayan nan komai a juye yake. Abin da zai tsare ka shi ne ka riƙa tuna cewa direba kullum yana kusa da layin tsakiyar titi. Wurin da aka fi kuskure ba babbar hanya ba ce, fitowa ce daga gidan mai ko wurin fakin zuwa titin da ba kowa, nan hannu yake komawa sabonsa. A shataletale ka shiga ta hagu, ka ba wanda ke zuwa daga damanka hanya.

Ka ɗauki ƙaramar mota, iyakar wadda za ta ɗauke ku da kayanku. Yawancin motocin haya masu giyar hannu ne, da hagu kuma za ka riƙa sa giyar. Otomatik ta fi tsada kuma tana ƙarewa da wuri, amma a nan kuɗin ya cancanta, ka kama ta tun da sauran watanni. Ka karanta batun inshora da kyau. Farashin da ka gani a intanet yakan bar maka wani kaso mai nauyi da za ka biya idan mota ta sami rauni, kuma za a riƙe kuɗin ajiya a katin bashi mai sunan direba. Ka tabbata katinka yana aiki a waje kuma zai ɗauki wannan riƙon. A hanyoyin da ƙaya da katanga suke shafar gefen mota, inshorar da ta rufe komai har taya da gilashi ita ce kwanciyar hankali. Ka ɗauki hoton motar ta ko'ina kafin ka fita da ita, ka tambaya fetur take sha ko dizal: a gidan mai kan famfon fetur kore ne, na dizal baƙi.

Hanyar M50 da ta kewaye Dublin tana da kuɗin hanya amma ba shinge, kyamara ce take ɗaukar lamba, kuma dole a biya kafin ƙarfe 8 na daren washegari. Ka tambayi kamfanin haya ko su suke biya su cire a katinka, ko kai za ka biya ta eFlow, tsarin karɓar kuɗin hanyar. A ƙunƙuntar hanya idan kun haɗu da wata mota, wanda ya fi kusa da wurin raɓewa shi yake ja baya, a ɗaga wa juna hannu a wuce. Idan motoci sun taru a bayanka, ka raɓe su wuce. Mutanen wurin aiki za su. Hon kuma ba gaisuwa ba ne a can, ka bar shi sai dole. Lambar gaggawa 112 ce ko 999. Kowace safiya ka duba Met Éireann, hukumar hasashen yanayi. Idan ta ba da gargaɗi mai launin lemo ko ja, ranar ba ta bakin tsauni ba ce.

Mataki na bakwai: ciki da salla

Karin kumallon da suke alfahari da shi yana ɗauke da naman alade iri-iri, har da wani baƙin tsiran da ake yi da jini. Ka gaya wa mai masauki tun lokacin kama ɗaki. Za ta ba ka ƙwai, kifi mai hayaƙi, kunun alkamar Turawa da burodinsu mai ruwan ƙasa, ba tare da wata damuwa ba. A ƙauyuka sau da yawa mashaya ita ce gidan abincin, ita ce kuma dandalin gari inda ake kiɗan gargajiya, kuma kicin yakan rufe wajen ƙarfe 9 na dare. Kifi ne mafakarka, amma ka tambaya: miyar kifinsu wani lokaci da alade a ciki, ƙullun soya kifi da farfesun nama kuma akan zuba musu barasa. Wanda ba ya son shiga irin wurin, gida mai kicin ya raba masa gardama. Naman halal an fi samunsa a birane, Dublin, Galway, Limerick da Cork, don haka ka saya ranar da kake ratsa Galway.

Haka ma Juma'a. Ka daidaita ranar sauya zango ta faɗo ranar, ka yi salla a Galway ko Tralee ka wuce. Wanda ya sauka Westport yana da Ballyhaunis a tafiyar kusan awa guda, ƙaramin garin da aka gina masallaci tun shekarun 1980 saboda ma'aikatan wata mayankar halal. Alƙibla gabas maso kudu take. A tsakiyar bazarar can magariba tana kaiwa 10 na dare, isha'i da asuba suna matsowa kusa da juna, saboda haka ka sauke jadawalin masallacin da ya fi kusa, ka kuma tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salla kafin ka taso.

Mataki na ƙarshe: daren komawa

Dare na goma na filin jirgi ne. Kenmare ko Dingle zuwa Dublin ya haura awa huɗu, kada ka yi shi a safiyar tashinka. Ka taso ana gobe, ka tsaya a Cashel ka ga tsofaffin gine-ginen da ke kan dutsen idan ka biyo M8, ka cika tanki a gidan man da ke kusa, ka mayar da mota da rana a duba ta a gabanka, sannan ka kwana kusa da filin. Idan tikitinka zai yiwu ta Shannon ko Cork ka dawo, ka tambayi kuɗin ajiye mota a wani gari daban da inda ka ɗauka. Sau da yawa bai kai kuɗin mai da ɗakin wannan daren ba, kuma kwanan da ka tsira da shi sai ka ƙara wa zango na uku.